Buhu a Kan Allon Kalla

Kowa ya ruga wajen Baba Kalla, ni kaɗai na ruga wajen allon. Ban san sa'ar da na sauke kayan suyata ba, sai dai na tsinci kaina ina ɗage a kan yatsun ƙafa, ina fizgar buhun da ke lulluɓe da shi. Buhun ya kwana yana shan ruwa, ya yi nauyi, igiyar kuma ta kumbura ta ƙi kwancewa, sai da na sa haƙori. Na dunƙule shi na cusa ƙarƙashin itacen suyata, na kifa kasko a kai, sannan na juyo na dubi titi.

Motar, wani ƙaton kamiyo na ɗaukar kaya, ta tsaya can gaba da ƙafa ɗaya cikin kwata. Tukunyar gawayin da ke manne a gefenta tana ta hayaƙi, don a shekarun yaƙin nan babu mai, gawayi motoci ke ci. Baba Kalla yana kwance rigingine a tsakiyar mararraba, ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Wani yana salati da Hausa, wata mata tana kururuwa da Julanci, yaren kasuwar garin, 'yan dako sun yi kan direban. Shi kuwa Baba idonsa biyu. Yana ta ƙoƙarin ɗaga kai ya dubi wajen da nake tsaye, ban sani ba ko ni yake nema ko allon.

Shekarata uku a lokacin a Tireshibil, wata unguwa ta wani birnin bakin teku, nesa da ƙasarmu. Mijina Harisu goro yake sayarwa, rumfarsa tana unguwar Ajame, kullum da sassafe yakan haye gadar nan da ke lilo a kan ruwa, ba ya dawowa sai yamma. Ni kuma ina suyar ƙosai da aloko, wato soyayyar ayaba, a kusurwar mararrabar da ke kusa da tashar motocin garin Basam. Gidanmu na haya ne, ɗaki tara, rijiya ɗaya, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakinmu da na Baba Kalla da matarsa Inna Huseina. In ya yi tari muna ji. In na yi wa mijina mita, shi ma yana ji da kunnensa mai rai, washegari sai ya tare ni a bakin rijiya ya kira ni da sunan garinmu, yana cewa, "'Yar Madawa, jiya ma ke kinka ci yaƙin?" Ni kuwa ba na rasa amsa, don baki kam Allah ya ba ni.

Tsohon soja ne, mutumin Tawa. Igwa ta kashe masa kunnen dama a yaƙin Nasara na farko, ya dawo da lambar yabo guda, da tari, da Faransancin da bai cika tafin hannu ba amma yana juya shi yadda ya ga dama. Ba su da ɗa a raye. Shi ya sa duk matan gidan 'ya'yansa ne, ni kuwa har da ƙari, tun ranar da ya ji cewa ubana malami ne.

Mararrabar nan ta ci mutum huɗu cikin shekara biyu. Motocin da ke fitowa daga tasha sukan faɗo babbar hanya a guje, ba ƙaho ba birki, duk wanda suka tarar sai dai sa'arsa. Ta huɗun wata mai tallan lemo ce da tsohon ciki, kuma Baba Kalla ne ya lulluɓe ta da rigarsa. Daga ranar ya ɗauko tsohon kakinsa ya maƙala lamba, ya dinga haye gada zuwa ofisoshin Nasara. Sau bakwai ya je. Ana korarsa yana komawa, muna yi masa dariya yana goge takalmi. Ran nan kawai sai ga ma'aikata sun zo sun haƙa rami a kusurwata, suka kafa gungume, suka buga masa farin allo mai jajayen haruffa biyar.

"Alti," ya ce mana, yana nuna haruffan da sandarsa ɗaya bayan ɗaya. "Ko soja dubu ke tahiya, in anka ce alti, sai su tsaya cik. To mota wace ce? Duk wadda ta hito daga tasha, nan za ta tsaya ta duba, sannan ta shiga. Wanga doka ce, ba roƙo ba ne."

Ya sa benci a gindin allon. Direban da ya wuce bai tsaya ba, sai Baba ya bi shi har cikin tasha ya wanke shi tas a gaban fasinjansa. Kafin wata biyu kowa yana tsayawa, har waɗanda ba su san baƙi ko ɗaya ba. Daga nan wata ɗabi'a ta shige shi. In zai tsallaka ta gefen tasha, ba ya waiwayawa dama ko kaɗan, sai ya miƙe wuya ya wuce yana dogara sanda, don kowa ya ga aikin allonsa.

"Malam, ka riƙa dubawa mana," Inna Huseina takan ce. "Kai da ba ka ji ta can."

"In na duba, na ce ban yarda da doka ba ke nan."

To ga inda nawa ya shigo. Ni cikin alluna na tashi. Tun ina ƙarama na san abu biyu game da rubutu: ruwa yana cinye shi, kuma ba sai an gan shi yake aiki ba. Layar da ke wuyana a ɗinke take cikin fata, ban taɓa ganin abin da ke cikinta ba, ban kuma taɓa shakkarta ba. Wadda ubana ya binne a ƙofar gidanmu ma a ƙarƙashin ƙasa take tsaron gida. Da na ga motocin da suka gagari kowa suna zuwa suna durƙusawa a gaban wannan allo, har da direbobin da ba su iya karatu ba, me zan ce? Na ce layar Nasara ce, kuma mai ƙarfi. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya a ciki ba.

Fentin yaƙi ba fenti ba ne. Da ruwan damina ya kankama, ja ya fara zubowa daga harafin ƙarshe, yana bin allon har ƙasa. Da kunnena na ji Baba yana cewa, "Ruwan ga zai cinye mini shi, kuma in ya goge sai na sake zuwa sau bakwai." Ran Litinin da magariba ina haɗa kaya, sai hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin. Titi ya watse, kowa yana gudun ruwa. Na ɗauko tsohon buhun da nake shimfiɗawa in zauna, irin wanda mijina ke naɗe huhun goro da shi, da alamarsa ta shuni a jiki. Na hau bencin Baba na lulluɓe allon da kyau, na ɗaure. Na tafi gida ruwa yana dukana, ina jin daɗi, har ina tunanin irin yabon da zan sha gobe.

Da safe itacena ya jiƙe, waken bai niƙu da wuri ba, na makara. Shi kuma ya fito masallaci bai tsaya hira ba. Direban baƙo ne, ranar ce farkon shigowarsa tashar. Ina shan kwana da kaya a kaina na ga Baba ya taka titi, wuya a miƙe, sanda a gaba.

A kan wani ƙyaure aka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya taɓa ƙirjinsa ya ce haƙarƙari sun karye sun shige ciki, babu abin da zai yi. Baba ya ce to a mai da shi ɗakinsa, ba zai mutu a gadon da ba nasa ba. Mijina ya bar rumfa ya ɗauko wani maɗori a Ajame. Maɗorin ya gyara ƙafar, ya ɗora hannu a kan ƙirjin ya daɗe, sannan ya tashi ya nemi takalminsa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ni kuwa na dawo da buhun gida a cikin itace. Da rana tsaka, sa'ar da mata suka shige ɗaka, na tura shi cikin murhu. Ya ƙi ci. Sai hayaƙi yake yi, fari, mai ɗaci, ya cika tsakar gida ya shige ɗakin Baba. Na ji tarin ya taso masa, irin tarin da ke biye da nishi, na ji Inna Huseina daga ciki tana cewa, "Wai wa ke ƙona mana tsumma a gidan ga? Ku ji tausayinshi mana!" Na janyo buhun da hannuna, na danna shi a ruwan wanke-wanke. Gefe ɗaya kawai ya ƙone, alamar mijina tana nan daram. Na cusa shi cikin wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gado, yatsuna biyu sun tashi ban ma ji zafin ba sai da yamma.

Ran Laraba da hantsi wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya shigo gidan, jar hula a ka, kulki a hammata. Ya tsaya a bakin rijiya ya ce a kira maza. Da Julanci yake magana, Malam Rabi'u, limamin unguwarmu, yana mayar mana. Wai direban yana tsare a komisariya, ofishin 'yan sanda, kuma ya kafe a kan magana ɗaya: shi ya yi makaranta, ya san allon tsayawa in ya gan shi, amma abin da ya gani a kusurwar nan gungume ne da buhu a kansa. An doke shi sau biyu, bai canza ba. Don haka komiser, shugabansu, ya ce a bincika. In ƙarya ce, direban zai ruɓe a kurkuku. In kuwa gaskiya ce, to wanda ya rufe allon gwamnati a lokacin yaƙi daidai yake da wanda ya yanke wayar tangaraho, kuma za a bi rumfa rumfa, ɗaki ɗaki, sai an ga buhun da mai shi.

"Ƙarya yake yi!" Mijina ne ya fi kowa ɗaga murya. "Wa zai taɓa allon Baba a unguwar ga? Wa ya isa? Su zo su duba, ga ɗakina nan a buɗe."

Ina durƙushe a bakin murhu ina juya kunu. Ludayin ya suɓuce ya nutse a tukunya, na bar shi a can. Gardin ya dube ni, ya tambayi Malam Rabi'u ko ba ni ce mai suya a gindin allon ba. Aka ce ni ce. Ya ce me na gani. Na ce na makara ranar, na iso mota ta riga ta tsaya. Ya daɗe yana kallon tsumman da na naɗe yatsuna da shi, sannan ya ce zai dawo.

Da yamma na kai wa mijina tuwo na zauna a gefensa. Sau uku na buɗe baki. Yana ci yana zagin direban, yana cewa mutumin banza, ya kashe tsoho kuma yana neman wanda zai shafa wa. Tukunyar tana ƙarƙashin gadon da yake zaune a kai. Na tashi na ce zan duba ruwa.

Ba kurkuku na fi tsoro ba, ko da yake ina tsoronsa ƙwarai, don mun ga waɗanda aka kai yankan katako a daji da yadda suke dawowa, in sun dawo. Abin da na fi tsoro shi ne numfashin da ke bayan bango. Ina jin shi yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Ubana ya koya mini cewa haƙƙin Allah, Allah yana yafewa, amma haƙƙin mutum sai shi mutumin ya furta da bakinsa. In numfashin nan ya tsaya ban faɗa masa ba, to jininsa yana wuyana har ranar da za a tashe mu. In kuma na shiga in faɗa, ɗakin ba ya rabo da mutane, ga shi kuma mutum ne da ba a yi wa raɗa.

Ran Alhamis Malam Rabi'u ya fito daga ɗakin ya ce mana, "Duk mai abin da zai nemi yafiya a kai, ya shiga yanzu. Bawan Allahn nan ya kama hanya." Mutane suka dinga shiga ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗinki ya shiga, matan ɗakin ƙofa suka shiga, har 'yan tasha da ya sha wankewa suka zo suka cire huluna. Ni kuwa na ɗebo musu ruwa, na wanke tsummokaransa, na dama kunu, na share ƙofar ɗakin har sau biyu. Komai na yi, ban da ɗaga labule.

Da azahar maza suka tafi masallaci, gida ya yi shiru. Ina tsugune ina wanke kwanon da na riga na wanke, sai ga Inna Huseina a kaina.

"Zalihatu, shina kiranki."

"Ni, Inna?"

"Akwai wata Zalihatu a gidan ga?" Ta karɓi kwanon daga hannuna. "Shiga, ni zan yi alwala."

Ɗakin yana warin magani da jini. Ya rame cikin kwana uku, sai hanci da ido. An jingina shi da bango don ya samu numfashi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"'Yar Madawa," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Kowa ya shigo, har mai bina da harara. Ke ba ki shigo ba. Mi na yi miki?"

"Baba, ni ce."

"Mi kinka ce? Zagayo nan. Kin san wancan kunnen na bar ma Jamus."

Na zagaya ta hagunsa da rarrafe. Na faɗa a hankali, ya girgiza kai. Na sake faɗa, ya ce in buɗe baki, ai ba haka nake yi wa mijina ba. Sai na faɗa da ƙarfin da nake jin har bakin rijiya an ji.

"Ni na rufe allon, Baba. Da buhu. Na ga ruwa yana cin rubutun, na ji ka ce zai goge."

Wani ƙuda ya sauka a goshinsa, bai kore shi ba, ni ma ban iya ɗaga hannu ba.

"Kin ruhe shi," ya ce daga baya.

"Na ɗauka ko a rufe zai yi aikinsa. Kamar laya."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci ran ne zai fita, ashe dariya ce. Dariyar ta kawo tari, tarin ya kawo jini, na tara masa tsumma yana riƙe da hannuna, hawaye yana zubo masa, ban san na ciwo ne ko na dariyar ba.

"Kamar laya," ya ce da ya samu kansa. "Wayyo ɗiyar malam. Nasara ba su da laya. Nasu rubutun sai an gani." Ya rufe ido. "Mutumen Basam ɗin, direban, shina hannunsu har yanzu?"

"Yana can."

"Sun taɓa shi?"

"An ce sau biyu."

"Buhun na wa ne?"

"Na ɗakinmu ne. Da alamarsa a jiki."

Na sa goshina a ƙasa kusa da ƙafarsa mai lafiya, na ce, "Baba, don girman Allah ka yafe mini. Ka faɗa da bakinka in ji."

"In sun taso daga salla," ya ce, "kira mini Malam Rabi'u da mijinki."

Na fita. Na ce a raina shi ke nan, ya yanke hukunci. Na tsaya a zaure har suka dawo, na isar da saƙo, na biyo su a baya na raɓe a jikin ƙofa. Inna Huseina tana zaune a ƙarshen tabarma da carbi. Na tuna ina kallon ƙeyar mijina ina tunanin wannan ne ganin ƙarshe da zan yi mata a matsayin matarsa.

"Ku zama shaida," Baba ya ce. "Ku tahi komisariya yau, ba gobe ba. Ku ce a saki mutumen Basam. Gaskiya ya hwaɗi, akwai buhu. Ni na ruhe allon, ran Litinin da magariba, don ruwa. Da sahe na manta."

Mijina ya yi salati. Malam Rabi'u ya matsa kusa da kunnen hagu.

"Kalla, kai da kanka? Kai da ka yi sau bakwai a kansa?"

"Ni da kaina. Tsuhwa ce."

"To ina buhun, Baba?" in ji mijina. "Za su tambaya."

"Ina na sani? Ni ina ƙasa. Wani ya samu buhu kyauta."

Malam Rabi'u ya shafa gemu ya ce komiser zai so ya san ko mai maganar yana cikin hankalinsa, kuma ko ya tabbata. Baba ya buɗe ido ya dube shi.

"Malam, mutum a wanga hali shina ƙarya?"

"A'a," in ji Malam Rabi'u. "Wa zai je gaban Allah da ƙarya a bakinsa?"

Na saki ƙofar na tako cikin ɗakin, bakina a buɗe, wallahi zan faɗa. Baba ya juyo da idonsa kaina, ido irin wanda yake yi wa direbobi.

"'Yar Madawa, je ki kawo mini ruwa. Na rijiya nike so, ba na randa ba."

Na tsaya.

"Je ki."

Na je. Guga ya suɓuce mini sau biyu. Kafin in dawo da kwanon, ya daina magana. Malam Rabi'u yana laƙƙana masa kalmar shahada a kunne, leɓunansa suna motsi, amma ni ban ji abin da suke faɗa ba, na kasa kunne iyakar iyawata ban ji ba. Ana kiran la'asar ya cika. Ruwan yana hannuna, bai sha ba.

Kafin magariba aka saki direban, an ce sai da aka riƙe shi ya hau mota. Gardi bai sake dawowa ba. A tasha kuwa labari ya bazu tun kafin a gama wankan gawa: tsohon sojan da ya matsa aka kafa allo, ya zo ya rufe shi da hannunsa, ya bi ta gabansa mota ta take shi. Suna faɗa suna girgiza kai, wasu suna danne dariya. Abin da ya fi ƙauna a duniya ke nan, a ce Kalla ya gyara mararraba, kuma shi ne ya ba su wannan su riƙe a madadinsa.

Ni ban ji ya ce ya yafe ba. Na juya maganganunsa ta kowace fuska, babu ita a ciki. Da na shiga ɗakin nan jini ɗaya nake tsoro. Na fito da shi, ga kuma ƙaryar da mutum ya yi dab da kabarinsa saboda ni, a gaban liman, kuma ban san yadda aka karɓe shi da ita a can ba. Wannan tsoron ya fi na farko, don shi babu wanda zan je in roƙa.

Da safen Juma'a aka kai shi makabarta a Ajame. Da maza suka fita da makara, tsofaffin mata suka shigar da Inna Huseina ɗaka don a shirya ta shiga takaba. Sai an tsefe mata kitso kafin wanka. Wata tsohuwa ta ɗauko tsinke, Inna ta kawar da kai.

"Zalihatu ta tsehe ni," ta ce. "Ku ba mu wuri."

Suka fita suka saki labule. Na zauna a bakin gado, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina, bayanta a jikina. Kitson ya kwana biyu, ya kama. Na fara daga ƙeya, yatsuna masu ƙuna suna ta zamewa. Na kwance guda, na kwance na biyu.

"Ran Litinin bai hita da magariba ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Tari ya hana shi. A ɗaki ya yi salla, ni na shimfiɗa mai buzu."

Hannuna ya tsaya cikin gashinta. A waje wata tana jan guga, igiya tana kuka a bakin rijiya. Na jira ta ƙara wani abu, ko ta tashi, ko ta kira matan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta ɗan sunkuyar da kai gaba, ta miƙo mini tsinken ta bisa kafaɗarta.

"Ci gaba," ta ce. "A hankali, nan wurin da zahi."

Na karɓa. Gashin fari ne tas a ƙarƙashin kitson, yana warwarewa yana zubowa a kan zanena.